Barikin Fotugal na Wida: gidan da ya ga cinikin bayi, ya ga gobara, ya koma gidan tarihi

 

Makon jiya cikin shirinmu na dare muna hira kan direbobinmu, yadda rufe iyakar Gaya a 2023 ya sauya musu hanya, sai wani dattijo ya kira, tsohon direba daga wajen Mayahi. Ya ce ya fi shekara ashirin yana bin hanyar Kwatano zuwa Lome, kuma kowace tafiya sai ya ratsa wani gari da ake kira Wida. Wata rana motarsa ta lalace a can, yana zaune yana jiran makaniki. Ga yadda ya faɗa: "Sai ɗiyan garin sunka nuna mini wani tsohon gida mai kaurin katanga, ga igwa kwance, sunka ce nan ne anka riƙa saida mutane. To ni dai ina so in ji, gaskiya ne? Kuma da namu ciki?" Lokaci ya ƙure ba mu ba shi amsar kirki ba. Mun yi alkawari, ga shi mun kawo a rubuce, don magana a rediyo iska ce, in ta wuce ta wuce.

Baba, gaskiya ne. Kuma da namu ciki. Sai dai labarin na da rassa, kuma wani reshen ya biyo ta kasuwar Tasawa, abin da mu kanmu ba a taɓa gaya mana a lakwal ba.

Garin yana ƙasar Benin, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano. Faransawa na rubuta shi Ouidah, mutanen Fotugal na ce masa Ajuda, masu garin kuwa Glehue suke kiransa. Kafin 1727 yana ƙarƙashin wata ƙaramar masarauta mai suna Hueda, fadar sarkinta tana Sabi, ƴan kilomita kaɗan daga arewa. Sarakunan Hueda masu wayon ciniki ne, ba su yarda Bature ɗaya ya kame kasuwa shi kaɗai ba. Suka ba Faransawa fili, suka ba Ingilishi fili, kowa ya gina barikinsa, kusa da juna kamar shagunan kasuwa. Na Fotugal shi ne auta, a 1721 aka gina shi, aka sa masa sunan São João Baptista de Ajudá. Abin lura a nan, ba daga Lisbon kuɗin ginin suka fito ba. Daga Bahiya suka fito, wato can ƙasar Birazil, inda gonakin rake ke cin mutane kamar yadda wuta ke cin kara. Ƴan kasuwar Bahiya na da wata haja da ta fi ta kowa farin jini a wannan gaɓa: taba. Kuma ba mai kyau ba, ta ƙarshen daraja, wadda ba a yarda a kai Turai ba. Sai su shafe ta da maɗin rake don kada ta bushe, su naɗe, su kawo. Wannan zaƙin ya sa mutanen gaɓar suka fi son ta a kan kowace. Da ita aka riƙa musayar ɗan Adam.

Mai jin kalmar bariki zai ɗauka Bature ne ke da iko da garin. Ko kusa. Ginin ƙasa ne, fili mai kusurwa huɗu wanda bai wuce hekta guda ba, da rami kewaye, da coci, da ɗakunan ajiya, da gidan shugaba. Bai ma kai bakin ruwa ba, tsakaninsa da teku akwai kusan kilomita huɗu, don haka igwarsa ba ta iya kare jirgi, jirgi ma ba ya iya kare shi. A 1727 Sarkin Dahome Agaja ya sauko daga Abome ya ci Sabi, ya ƙone ta, kasuwar ta koma hannunsa. Daga baya sarakunan Dahome suka naɗa wani hakimi mai sarautar Yobogan, ma'anarta shugaban fararen fata. Ku tuna mu ma Agadas da Damagaram suna da Sarkin Turawa mai kula da fataken Larabawa, to kusan aikin ɗaya ne. Bature ba ya saye ba ya sayarwa sai da sanin Yobogan. In shugaban bariki ya saɓa wa sarki, a ɗaure shi a jefa cikin jirgi. Haka aka yi wa na Fotugal, João Basílio, a 1743 zamanin Sarki Tegbesu, kuma cikin wannan rikicin albarushi ya tashi da barikin, sai da aka sake gina shi. Wato dai ɗan haya ne, mai gida na Abome.

Wannan ba ya rage wa Bature laifi ko ƙwayar gero. Jirgi nasa ne, sarƙa tasa ce, gonar da za a kashe mutum da aiki tasa ce. Amma in za a ba da tarihi a ba da shi duka.

Waɗanda aka saya, akan yi musu tambari da ƙarfe mai zafi, a tsare su har jirgi ya shirya, sannan a kora su a ƙasa zuwa teku. Sai sun ƙetare wani dogon tafki kafin su kai rairayin gaɓa. Wida ba ta da tashar jirgi irin ta Kwatano ta yau. Jirgi can nesa yake tsayawa, raƙuman ruwan wurin kuwa mugaye ne, har sai da Turawa suka riƙa ɗauko matuƙan kwalekwale daga gaɓar Gana ta yanzu don su ne suka iya su. Kwalekwale kan kife, mutum a ɗaure, kun san sauran. Masana tarihi sun ƙiyasta mutum sama da miliyan ɗaya suka fita ta wannan gari tsakanin shekarun 1670 da 1860. A duk Afirka, Luwanda ta Angola kaɗai ake sa wa gaba da shi.

To ina ruwan Tasawa? Ku dubi kalmar da muke faɗa kullum: kuɗi. Jam'in wuri ce. Wuri kuwa ba a Gulbin Kaba ake tono shi ba, ba a Tafkin Cadi ba. Daga tsibiran Maldibs yake fitowa, can tekun Indiya. Jiragen Turawa su kwaso shi su kai Amsterdam ko Landan, daga nan a sake loda shi zuwa gaɓar Wida da maƙwabtanta, a juye shi buhu-buhu a karɓi bayi. Daga gaɓa ya hauro ta ƙasar Yarbawa da Nufe har ya cika kasuwannin ƙasar Hausa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya sauka Tasawa a watan Janairu 1851, kuma cikin abin da ya rubuta akwai yadda ya zauna ya ga ana ƙirga wuri dubu 500 da hannu, biyar-biyar, abin ya ba shi mamaki. A lokacin an fara kawo wani irin wurin daga Zanzibar, amma ƙofar shigowar dai gaɓar ce. Wato sadakin kakannin kakanninmu, da kuɗin gishiri, da harajin sarki, da abin da aka ba maroƙi, wani kaso nasa ta bakin tekun nan ya shigo, kuma an san abin da aka bayar aka karɓo shi.

Sai batun mutane. Kafin 1800 Hausawa ba su da yawa cikin waɗanda ake fitarwa ta teku, hanyar hamada ta fi cin namu. Abin ya sauya bayan 1804, da jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya tashi. Birnin Katsina ya faɗi, Alƙalawa ta faɗi a 1808, sarakunan da aka kora suka hauro arewa, Katsinawa suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri. Tarihinmu ke nan, kowa ya san shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shekara da shekaru ana kai hari ana ramawa, kuma kowane hari da kamammu yake ƙarewa. Ɓangarorin biyu duk sun kama, duk an kama nasu. Wanda danginsa ke da hali a fanshe shi. Wanda ba shi da kowa ya shiga hannun dillalai, daga kasuwa zuwa kasuwa, ya gangara Nufe, ya shiga ƙasar Oyo, har ya ga ruwan da ba shi da ƙetare. Yawancinsu ta Ikko da Badagiri da Porto-Novo aka fitar da su, wasu ta Wida. Kuma mafi yawa Bahiya aka nufa da su, maza ne matasa, da yawa sun san yaƙi, wasu sun yi karatun allo.

Masu gonakin Bahiya ba su jima ba suka gane irin mutanen da suka sayo. A watan Mayu 1807 gwamnan Bahiya ya bankaɗo wani shirin tawaye na Hausawa a birnin Salbado, aka samu baka da kibau da layu a gidan da suke taruwa. A 1809 wasu suka gudu suka yi faɗa. A Fabrairu 1814 suka tashi da ƙarfi a bakin teku arewa da birnin, suka ƙone wuraren masunta, kuma takardun shari'ar lokacin sun kira jagoransu da laƙabin malomi. Ku sake karanta kalmar a hankali. Malam ce, ta ƙetare teku. Babban tawayen shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin watan azumi, wanda ake kira tawayen Male. A wannan karon Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa, amma da Hausawa ciki, har da wani ƴantaccen bawa mai sayar da taba da ake kira Dandara, wanda ke koyar da karatu a shagonsa. Mutum wajen 600 suka fito da fararen riguna da layu a wuya, aka kashe kusan 70 a daren. Takardun Larabci da aka cire daga jikin gawarwakin suna nan ajiye a Bahiya har yau. Bayan nan hukuma ta harbe huɗu, ta yi wa da yawa bulala, ta kori ɗaruruwa zuwa Afirka. Wasu daga cikin korarrun a Wida aka sauke su, inda aka ɗauke su ko aka ɗauki iyayensu. Zuriyar masu dawowa daga Birazil ita ake kira Aguda a Benin da Togo da Ikko, kuma wanda ya taɓa ganin babban masallacin Porto-Novo, mai kama da cocin Bahiya, ya ga aikin hannunsu.

Akwai ma waɗanda muka san muryarsu. Wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya riƙa kiran bayi Hausawa yana tambayarsu labarin ƙasarsu, ya buga littafin a 1851. Mutane suna lissafa masa garuruwa da zangon fatake, Kano, Katsina, Zariya, kwana nawa daga nan zuwa can, shekaru bayan an raba su da gida. Shi abin da ya dame shi wata tatsuniya ce ta mutane masu wutsiya. Su kuwa hanyar gida suke karanta masa.

Sai Muhammadu Gardo Baƙwaƙwa, wanda Turawa ke rubutawa Baquaqua. A Zugu aka haife shi, wato Djougou ta arewacin Benin, zangon fataken goro masu zuwa Gwanja. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An kama shi, aka gangara da shi gaɓar Wida wajen 1845, aka kai shi Pernambuko a Birazil, ya yi bauta wurin wani mai gidan burodi, aka sake sayar da shi ga wani matuƙin jirgi. A 1847 jirgin ya kai kofi birnin New York, can ya samu ya tsere. Ya zauna Haiti, ya dawo Amurka ya yi karatu, a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit. Ɗan Bakatsiniya. In da a ce uwarsa ta zo Maraɗi ko Tasawa, da wani gida zai ce tasu ce.

Ba sai mun je teku ba ma. Dorugu, yaron nan da Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, wanda labarinsa ke cikin tsofaffin rubuce-rubucen Hausa na boko, ɗan wani ƙauye ne kusa da Kance, nan gabas da mu. Ba Bature ne ya kama shi ba. Mun san wannan magana ba ta da daɗin ji, kuma mun san akwai gidajen da har yau in an tashi aure sai an bincika asali. Shi ya sa muke faɗarta.

Mu koma bariki. Ingila ta hana ƴan ƙasarta cinikin bayi a 1807, ta sa jiragen yaƙi suna sintiri. Faransawa sun riga sun bar nasu barikin, Ingilishi ma suka bar nasu. Ciniki kuwa bai tsaya ba, sai ma ya koma sumoga, riba ta ƙaru. A nan ne wani mutumin Bahiya, Francisco Félix de Souza, ya yi suna. Akawu ne a barikin Fotugal da farko. Ya samu saɓani da Sarki Adandozan, aka ɗaure shi, ya haɗa kai da ɗan'uwan sarkin, suka kifar da shi a 1818. Sabon sarki Gezo ya saka masa da sarautar Caca, ya zama babban dillalin bayi na garin har mutuwarsa a 1849. Birazil ta rufe ƙofarta a 1850, amma a 1860 wani jirgi mai suna Clotilda ya zo Wida a ɓoye ya kwashi mutum 110 zuwa Alabama ta Amurka, shekara hamsin da biyu bayan Amurka ta haramta shigo da bayi. Aka ƙone jirgin don ɓatar da sawu. Sai a 2019 aka tabbatar da gano ɓaraguzansa cikin kogi.

Daga nan barikin ya shiga rayuwa ta biyu. Fotugal ta yi sakaci da shi, ciyawa ta cinye. A 1861 limaman Katolika na wata ƙungiyar mishan daga Lyon suka zo, Sarki Glele ya bar su suka zauna ciki, suka buɗe makaranta. Ɗakin da aka ƙirga mutane ya koma aji. A 1865 Fotugal ta aiko daga tsibirin Sawo Tome ta ce a ba ta gidanta. Na Faransa kuwa wani kamfanin Marseille mai suna Régis ya mai da shi wurin sayen manja, daga baya aka rushe shi. Da Faransa ta ci Dahome tsakanin 1892 da 1894, ta kama Sarki Behanzin, sai ta bar wa Fotugal wannan ɗan fili. Aka wayi gari akwai ƙasar Fotugal mai hekta guda a tsakiyar mulkin Faransa, da tutarta, da jami'inta, da lambunsa. Ƙidayar 1921 ta samu mutum biyar a ciki.

Dahome ta samu ƴanci ranar 1 ga Agusta 1960, kwana biyu kafin mu. Faransa mai manyan bindigogi ta tattara ta tafi, Fotugal ta ce ita ba inda za ta. Mai mulkinta na lokacin, Salazar, ya ɗauka in ya saki ko taku ɗaya, gobe Angola da Mozambik za su bi. Gwamnatin Hubert Maga ta ba su wa'adi zuwa 31 ga Yuli 1961. Mutum biyu ne suka rage a ciki. Maimakon su miƙa makulli, sai suka cinna wa gidan wuta, da takardu da kaya da motar jami'in, sannan aka raka su kan iyaka. Ranar 1 ga Agusta 1961, ranar cikar shekara guda da ƴanci, Dahome ta karɓi toka. A watan Disamba na shekarar Indiya ta ƙwace Goa daga hannun Fotugal ɗin dai. Mu abin da ya fi ba mu takaici cikin wannan gobara takardun ne. Gini ana sake shi. Takardar da wataƙila ke ɗauke da adadin mutanen da suka shiga wani jirgi, da inda aka kawo su, in ta ƙone ta tafi ke nan.

A nan ne mutanen Dahome suka yi abin da ya sa muke wannan rubutu. Suna iya share wurin su yi tasha ko kasuwa, ba wanda zai zarge su. Suna iya ba soja. Sai suka gyara shi, a 1967 ya zama gidan tarihin Wida. Bafaranshen nan mai ɗaukar hoto, Pierre Verger, wanda ya ƙare rayuwarsa a Bahiya yana bin sawun zirga-zirgar da ke tsakanin gaɓoɓin biyu, ya taimaka da hotuna da kwafin tsofaffin takardu. Gawar motar da aka ƙone ma ba su jefar ba, suka bar ta a fili kowa ya gani. A ƙarshen shekarun 1980 wata gidauniyar Fotugal, Gulbenkian, ta biya kuɗin sake gyaran ginin. Jikokin masu cinna wuta suka dawo da siminti. A 1994 a garin ne UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na Hanyar Bayi, a 1995 aka gina ƙofar nan ta bakin teku da ake kira Ƙofar Ba Dawowa, wadda kuke gani a hotuna. Gwamnatin Patrice Talon kuma ta sake shiga aikin barikin don a mai da shi babban gidan tarihin bauta na duniya.

Ba duka ne muke yabawa ba. Wasu tashoshin da ake nuna wa baƙi kan hanyar zuwa teku, kamar itacen da aka ce bayi na zagayawa don su manta gida, masana tarihi da dama na shakkar asalinsu, sun fi kama da abin da aka tsara don mai yawon buɗe ido ya zubar da hawaye. Zuriyar Caca na nan, manyan mutane ne a Benin da Togo, kuma dandalin da aka ce nan ake cinikin sunansa yake ɗauke da shi. Ga otal-otal na tashi a bakin rairayin da mutane suka bi a ɗaure. Akwai ƴan Benin da ke tambaya ko tunawa ake ko kasuwa aka buɗe. Tambaya ce mai kyau. Amma ko ba komai suna da wurin da za su tsaya su yi gardamar. Ɗan lakwal na Wida ana kai shi ya taɓa katangar da hannunsa.

Mu fa? Ba mu da teku, amma muna da namu gine-ginen da namu filayen. A Damagaram, barikin da Faransawa suka gina kan dutse bayan sun ci garin a 1899, suka sa masa sunan Kyaftin Cazemajou da aka kashe a can a 1898, yana nan, soja ke ciki. Ganuwar Birni da Sarki Tanimun ya gina saura guntaye. Tsohuwar Maraɗi ta kwari ruwa ya ci ta a 1945. Nan ƙasarmu kuwa, a watan Yuli 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya iso bayan ya yi ɓarna a Lugu da Birnin Ƙonni. A Koran Kalgo an kashe mata da yara. A Dankori, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu, suka kashe su biyun a wajen Maijirgi, gabas da Tasawa kan hanyar Damagaram. Kaburburan da aka yi musu suna Maijirgi, duk da an ruwaito cewa wani kumandan na Tasawa ya sa an tone su a 1923 bai samu kowa ciki ba. Ku lura: waɗanda suka yi kisan an san inda aka ce suna kwance, da sunayensu, da ranar mutuwarsu. Waɗanda aka kashe fa? Sunayensu na bakin tsofaffi, tsofaffin kuma kullum sai mun karanta sanarwar rasuwarsu a rediyo. Da yawa cikinmu sai da fim ɗin African Apocalypse ya fito a 2020 muka ji dattawan garuruwanmu na ba da labarin a gaban kyamara. Mu da muka yi kwaleji da lise mun haddace ranar da aka fasa kurkukun Bastille, ba mu san a irin ranar ce aka yi ta'asar Dankori ba, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga ajin da muke zaune.

Kuma batun bauta bai tsufa ba kamar yadda muke so. Faransa ta haramta ta a yankin nan a takarda a 1905. Nijar ba ta sa hukuncinta cikin dokar laifuka ba sai 2003. A Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci kan ƙarar Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12, ta ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Lokacin da yawanmu muna lakwal.

Ba mu ce a gina mana gidan tarihi na miliyoyi ba, mun san halin da ake ciki, ga tsadar hatsi ga rashin tsaro. Ɗaki ɗaya a meri, ko aji ɗaya da ba a amfani da shi, ya isa a fara: hoton wuraren, sunayen garuruwan da aka ƙone, da muryoyin tsofaffi. Kowa na da salula mai ɗaukar murya. Mu a namu ɓangaren za mu ware minti goma sha biyar cikin shirin daren Alhamis don wannan. Wanda ke da kaka ko kakan da ya ji labarin zuwan Nasara daga bakin iyayensa, ko labarin wani na gidansu da aka kama a hari aka yi kudu ko arewa da shi bai dawo ba, ko wanda aka fanso, ya zauna da shi ya ɗauka, ya faɗi sunan gari da wanda ya ba shi labarin, ya turo ta akwatin saƙon wannan shafi. Wanda ba ya son a ambaci gidansu ya faɗa, ba za mu ambata ba.

Baba direba, in kana ji ko wani ya karanta maka, muna jiran kiranka ran Alhamis. Ka ce ka ga igwa a ƙofar, ba ka gaya mana ko ka shiga ciki ba.